Abin da Shuka Ke Ci, da Yadda Za Ka Ba Ta

Duk shekara in an gama yankan dawa, uwargida takan sa a ware mata damin kara biyu ko uku. A bayan ɗaki take ƙona su, ta tace ruwan toka ta adana, don har gobe ba ta yarda kanwar kasuwa ta kai tokar kara gyara miyar kuka ba. Shekara da shekaru ina wucewa ta gaban wutar nan ban taɓa tsayawa ba, sai bara. Na ɗauko sikelin da nake awon taki, na rataya dami guda wanda ya bushe ƙayau, ya ba ni kilo 10 da ɗan ɗoriya. Da wuta ta mutu na share tokar kaf, na zuba a kwano na sake aunawa. Ba ta kai kilo 1 ba.

Jikata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare tana tsaye tana kallona. Na ce, "Ke amarya, ina sauran kilo taran?" Ta ce, "Haba Tsoho, sun ƙone mana." Na ce na ji sun ƙone, amma ina suka tafi? Ta dubi ɗan hayaƙin da ya rage, ta ce, "Sun bi iska." Na ce to madalla, daga can suka zo, gida suka koma.

Na yi shekara 30 ina koyar da kimiyya a makarantun ƙasar Daura kafin in ajiye alli in koma gonarmu ta gado da ke hanyar Sandamu, kuma ba maganar da ta fi wannan wuyar shiga kan mutane, yara da manya. Kowa ya ɗauka ƙasa shuka take ci kamar yadda muke cin tuwo. Shi ya sa da gona ta ƙi, sai a ce rashin taki ne, a je a ci bashi a sayo buhu. Wani lokaci takin ne kuwa, amma sau da yawa ba shi ba ne. In ka busar da shuka ka auna, kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta daga iska da ruwa ya fito. Abin da ta tsotsa daga ƙasa shi ne ɗan abin da ke cikin kwanon tokar nan, sai wani sinadari mai suna naitirojin da ya bi hayaƙi. Taki a wurin shuka kamar gishiri da daddawa ne a tukunya. In babu su miya ta lalace, amma ba wanda ya taɓa ƙoshi da daddawa.

Wani likita na ƙasar da yau ake kira Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya riga ni irin wannan awo da kusan shekara 400. Ya busar da ƙasa mai nauyin kilo 90 da ɗoriya, ya zuba a babbar tukunya, ya dasa ɗan itacen da ya ɗara kilo 2 kaɗan. Shekara 5 ba abin da yake ba shi sai ruwa. Da ya tumɓuke ya auna, itace ya kai wajen kilo 76, ƙasa kuwa abin da ta rasa bai wuce giram 60 ba. An buga labarin a 1648, bayan rasuwarsa. Shi a ganinsa ruwa ne ya rikiɗe ya zama itace, kuma ya sami rabin gaskiya. Sauran rabin sai da aka jira Jan Ingenhousz, wanda a 1779 ya nuna cewa koren ganye ba ya gyara iska sai rana ta haska shi, da kuma de Saussure mutumin Janiba, wanda a 1804 ya tabbatar da cewa nauyin shuka daga iskar kabon da ruwa yake zuwa.

Ga yadda abin yake a taƙaice. A jikin ganye, galibi ta bayansa, akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon dayokzaid ke shiga, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda murhu da injin niƙa ke fitarwa. Saiwa kuma tana kawo ruwa daga ƙasa. Koren da ke cikin ganyen, ana ce masa kulorofil, ya kama hasken rana ya fasa ruwan da shi, a haɗa da kabon a yi sukari, a saki oksijin. Sukarin nan shi ke zama kara, ya zama zangarniya, ya zama ƙwayar gero, shi ne zaƙin da kake ji a takanɗa. A makaranta fotosintesis muke kiran aikin. Abin da har yau yake sa ni tasbihi shi ne, kabon dayokzaid a cikin iska kusan kashi 4 ne kawai cikin 10,000, amma da shi aka gina kukar da maza biyar ba sa iya rungumewa.

Saboda haka in za ka ciyar da shuka, kada ka fara da buhu. Ni ga jerin da nake bi: haske, ruwa, numfashin saiwa, sannan taki.

Haske

Ka kifa kwano a kan ɗanyar ciyawa ka bar shi kwana bakwai. Da ka ɗaga za ka tarar da ita ta yi ɗorawa-ɗorawa, ta yi laushi, ga ƙasa ga danshi amma tana mutuwa da yunwa. Abin da ke faruwa a gonar da aka cunkushe ke nan, sai dai a hankali.

Marigayi mahaifina ya fi tsananta mana a kan rage gero fiye da kowane aiki. In ya ga mun bar tsiro bakwai ko takwas a rami sai ya ce, "Ku kuna ganin tausayi ne, su kuwa faɗa za su yi." Uku yake bari, in ƙasa ta yi ƙarfi huɗu. Masara kuwa tazarar da malaman gona ke bayarwa ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin shuka da shuka in ƙwaya ɗaya ce a rami, ko 50 in biyu ne. Kada ka jinkirta noman firi, don ciyawar makonnin farko ta fi kowace ɓarna, tana tare rana tana kuma shan ruwan shukar da saiwarta ba ta yi nisa ba. Akwai wata al'ada da nake faɗa da ita a ƙauyenmu, ta figar ɗanyen ganyen dawa a kai wa ragon layya tun hatsi bai cika ido ba. Ganyen ƙasa da ya riga ya bushe ba laifi. Amma na sama, waɗanda ke kusa da kai, su ke dafa abin da zai cika zangarniya. In ka fige su ka ciyar da rago da hatsinka ne, a farashi mai tsada.

Ruwa, da abin da leda za ta nuna maka

Samu farar leda mai shara-shara, ka zura reshen bedi mai ganye a ciki, wato darbejiya, ka ɗaure bakin da zare da hantsi. Kafin azahar leda ta yi gumi, kafin la'asar ruwa ya taru a gindinta. Ban taɓa yin wannan a gaban ɗalibai ba sai wani ya ce raɓa ce. Ba raɓa ba ce, ruwan ƙasa ne da ya hau ta saiwa, ya bi ƙananan bututu cikin itacen, ya fita ta ƙofofin ganye.

Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da shuka ta sha haka yake wucewa ya tafi. Ba almubazzaranci ba ne, dole ce. In ta buɗe ƙofa don kabon ya shigo, ruwa zai fita. Fitarsa kuma ita ke janyo wani daga ƙasa, shi ke ɗauko sinadaran taki ya hau da su, shi ke sanyaya ganye a zafin Afrilu. To in ruwa ya yi ƙaranci sai ta rufe ƙofofin don ta tsira, kuma da ta rufe, girki ya tsaya. In ka ga masara ta naɗe ganye da tsakar rana kamar tabarma, ba ƙishi kaɗai take ji ba, azumi take yi. Gero da dawa da masara da rake suna da wata dabara ta tara kabon a cikin ganye, wadda ke sa su yi aiki da ƙofa a ɗan buɗe, shi ya sa suka fi shinkafa da alkama samun hatsi a kan kowane bokitin ruwa. Ba banza ba kakanninmu suka riƙe gero a jigawar nan da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba.

Abin yi a gonar damina shi ne ka hana ruwan da ya sauka guduwa. Ka ja kunya a gicciye da gangare, ba ta bi shi ba. Inda ƙasa ta zama faƙo, ruwa na zamewa a kai kamar siminti, ka haƙa ƙananan ramuka tun da rani, faɗin taki ɗaya na hannu ko fiye, ka zuba tafi biyu na takin gida a kowane. Gara za ta shiga ta huda ƙasan, ruwan farko ya taru a ciki, ka shuka a nan. Manoman Nijar suna kiransu tassa, sun kuma farfaɗo da filaye masu yawa da su a wajen Tawa.

Masu lambu kuwa, irin na bakin madatsar Sabke ko Daberam, ko masu 'yan bokitai a tsakar gida, kuskurenku iri biyu ne. Na farko yayyafi kullum. Ruwan da bai wuce saman ƙasa ba yana koya wa saiwa lalaci, ta tsaya a sama inda rana ke ƙonawa. Gara ka shayar sosai da safe ko da yamma, ka bari sama ta ɗan sha iska, ka rufe fangali da ɓuntu ko yankakken kara. Ka kuma riƙe lokaci. Tumatirin da gindinsa ke yin baƙi ya lotsa, mutane suna ta fesa masa magani, alhali yawanci ba cuta ba ce, sinadarin kalsiyam da saiwa ke jawowa daga ƙasa ne bai isa ga ɗan ba saboda yau an cika ruwa gobe an bar shi ya bushe.

Na biyu shi ne ƙauna ta yi yawa. Uwargida ta taɓa dasa barkono a tsohon bokitin fenti ba ta huda gindin ba, safe da yamma tana ba shi ruwa. Ya yi yaushi, ta ƙara ruwa, ya zubar da ganye. Ta ce, "Malam, ko baki ne ya kama shi?" Na juye bokitin, sai wari kamar kwata, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Saiwa tana numfashi, oksijin take buƙata daga 'yan kafofin da ke tsakanin ƙasa, kuma sai da ƙarfin numfashin nan take iya jawo sinadarai. In ruwa ya cike kafofin ta shaƙe, shuka ta yi yaushi tana tsaye cikin ruwa. Shinkafa ce ke da bututun iska daga ganye zuwa saiwa, barkono ba shi da su. Ka huda bokiti, ka sa tsakuwa a ƙasa, a gona kuma ka fitar da hanyar ruwa daga kwari.

Yanzu sai buhu

Abubuwa 17 shuka ke buƙata. Uku, wato kabon da haidurojin da oksijin, daga iska da ruwa suke. Sauran 14 daga ƙasa, kuma ba ta iya haɗiyar ko ɗaya sai ya narke a ruwa, ƙananan gashin saiwa su tsotsa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa zuba taki a busasshiyar ƙasa aikin banza ne.

Manya a cikinsu uku ne, su ne lambobin da ke jikin buhun kamfa. In ka ga 15-15-15, na farko naitirojin ne mai kore da girman ganye, na biyu fosfet mai saiwa da fure da ƙwaya, na uku fotash mai ƙarfin kara da juriyar fari. A buhu mai kilo 50 kowanne kilo 7 da rabi ne, sauran ciko ne da abin da ke riƙe su. Yuriya naitirojin ne zalla, kashi 46 cikin 100, wato kilo 23 a buhu. Sufa kuwa fosfet ce tare da kalsiyam da farar wuta, shi ya sa gyaɗa ke sonta.

Wani Bajamushe, Justus von Liebig, ya yayata wata ƙa'ida da nake kwatanta wa mutane da jarka. Ka huda jarka a wurare daban-daban, ka yi ta ɗura ruwa, ba zai wuce hudar da ta fi ƙasa ba. In fosfet ne ya gaza a gonarka, ko buhu goma na yuriya ka zuba, amfanin zai tsaya inda fosfet ya tsaya. Ƙasarmu ta rairayi kuwa ta fi rashin naitirojin da fosfet. Saboda haka kafin ka sayi komai, ka zagaya gona da sassafe ka karanta ganye.

In ganyen ƙasa, tsofaffin, suka fara yin rawaya daga tsini, rawayar na bin tsakiyar ganyen masara tana shiga ciki kamar bakin mashi, rashin naitirojin ne. Dalilin da ya sa tsofaffi ke fara nunawa shi ne, shuka na kwashe abin da ke jikinsu ta kai wa sababbi, kamar uwar da ta hana kanta ta ba yaro. In ƙaramar masara ta tsugune, gefen ganyenta ya yi ja-ja mai duhu kamar an shafa zoɓo, fosfet ne. In gefen tsohon ganye ya bushe kamar an bi shi da wuta amma tsakiya na kore, fotash ne. In kuwa sababbin ganye na sama ne suka yi fari-fari, jijiyoyinsu na kore, wannan rashin sinadarin ƙarfe ne ko wani daga cikin ƙananan sinadaran, kuma yuriya ba za ta yi maganinsa ba. Ka lura kuma, ruwa da ya kwanta da tsutsar da ke cikin kara duk suna sa rawaya, don haka ka tona gindi ɗaya ka tsaga kara ɗaya kafin ka yanke hukunci.

Ma'aunin da aka saba bayarwa ga masara a hekta guda shi ne kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfet, 60 na fotash, wato buhu 8 na kamfa 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya. Gero rabin haka. Na san a farashin yau wannan magana ce ta masu hali. Amma ko mudu biyar gare ka, yadda ka sa shi ya fi yawansa muhimmanci.

A shekarata ta farko bayan ritaya, da girman kaina na malamin kimiyya, na ɗebi yuriya da tafi na zuba a gindin masara, manne da kara, ranar da ƙasa ta fara bushewa. Kwana uku layi huɗu suka ƙone ƙurmus. Maƙwabcina na gona, dattijo ne da bai taɓa shiga aji ba, ya tsaya a kan iyaka ya ce, "Malam, ashe a littafin ba a rubuta a rufe ba?" An rubuta, ni ne ban bi ba. In ka barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa za ka ga ta fitar da ruwa. Haka taki mai yawa ke yi wa saiwa, maimakon ta sha sai a zuƙe nata.

Ga yadda ake yi. Ka jira ƙasa ta jiƙa. Ka soka tsinke ko sanda nesa da kara kamar faɗin yatsu huɗu, zurfi kamar yatsu uku, ka zuba, ka taka da ƙafa. Kamfa a cikin mako biyu na farko bayan shuka, don fosfet ba ya tafiya a cikin ƙasa, sai saiwa ta zo ta same shi, kuma tun tana ƙarama take buƙatarsa. Yuriya kuma a mako na huɗu zuwa na shida, masara ta kai gwiwa. Kada ka zuba duka naitirojin a tashi ɗaya, don a rairayi ruwan sama biyu masu ƙarfi sun isa su wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kai. Kada kuma ka watsa yuriya a sama ka tafi, rana da danshi za su mai da wani kaso nata iska mai warin fitsari, kuɗinka ya tashi sama.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, masu bincike na cibiyar nazarin noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai sun gwada sa ɗan kaɗan a kowane rami lokacin shukar gero, kamar giram 6 na kamfa, wato cikin marfin kwalbar lemo. Ni ma haka nake yi wa gerona, sai dai ina sa shi a gefen ramin in ɗan tura ƙasa tsakaninsa da iri.

Wani abu kuma. Na taɓa sayen yuriya a tiya wurin wani ɗan kasuwa, na zo gida na ga ba ta yi mini ba. Tun daga nan in zan saya sai na ɗebi cokali biyu na zuba a kofin ruwa na motsa. Yuriya ta gaskiya tana narkewa duka, kuma kofin zai yi sanyi a hannunka kamar an sa ƙanƙara. In yashi ko farin gari ya kwanta a ƙasa, ka mayar masa da kayansa. Wannan gwaji na yuriya ne kaɗai, kamfa takan bar ɗan gari ko da mai kyau ce.

Takin gida shi ne abin da buhu ba zai maye gurbinsa ba. Sinadarin da ke cikinsa kaɗan ne in an gwada da na zamani, amma shi ke ba rairayi jiki, ya riƙe ruwa, ya riƙe takin zamanin ma kada ya zurare, ya ciyar da ƙananan halittun da ke narkar da abinci su miƙa wa saiwa. Da muna yara, bayan girbi akan roƙi Fulani su zauna da shanu a gona, har a ba su damin gero. Yanzu sai amalanke da mangala. Kada ka kai ɗanye, musamman kashin kaji, yana ƙona shuka kamar yadda yuriya ta yi mini. Ka tara a rami, shimfiɗar kashin dabbobi, shimfiɗar shara da ganye, ka yayyafa ruwa, ka juya bayan mako biyu ko uku, har ya yi baƙi ya daina zafi ya koma ƙamshin ƙasar farkon damina. Ka tsince leda da batir in daga juji ka ɗebo. In ka kai gona kuma kada ka bar shi tsibi-tsibi wata uku rana na dukansa, ka baza ka rufe da huɗa.

Takin da ba a saya

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma gero yana tsaye a cikinsa ba ya iya taɓa ko kaɗan, kamar mai ƙishi a bakin rijiya ba guga. Sai a 1909 Fritz Haber ya gano yadda za a kama shi a inji, Carl Bosch ya mai da abin masana'anta a 1913, kuma daga nan yuriyar buhunka ta samo asali. Wake kuwa ya daɗe da gugansa.

Ka tona gindin wake mai kamar mako shida, a hankali kada ka fizge, ka wanke saiwar. Za ka ga 'yan ƙulluttai kamar ƙwayar dawa. Ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, aiki ake yi, ƙwayoyin halitta ne a ciki suna kama naitirojin daga iska suna ba wake, shi kuma yana biyansu da sukari. In fari ne ko kore, zaman banza suke. Shi ya sa ba a ɗura wa wake da gyaɗa da waken suya yuriya, in ka yi sai su yi ta ganye su ƙi 'ya'ya. Sufa suke so. Shi ya sa kuma gero ke yin kyau a inda aka cire gyaɗa bara. Amma mu faɗi gaskiya, in ka kwashe wake ka kwashe harawa ka kai kasuwar Mai'aduwa, kaɗan ka bar wa ƙasa. Sai dabbar da ta ci harawar ta mayar da kashinta gonar lissafi ke cika.

Gawo ɗan gidan su wake ne, ga shi da halin da ba itacen da ke da shi a nan: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Ba ya tare wa gero rana, ganyensa na ruɓewa daidai lokacin shuka, dabbobi sun yi rani a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Ka dubi geron gindin gawo ka dubi na nesa, ba sai an yi maka bayani ba. In ka ƙetara iyaka ta Kwangwalam ka nufi Matamaye za ka ga gonaki cike da gawo, yawancinsu ba dasa su aka yi ba, barinsu aka yi. In kana sassabe ka ga tohon gawo, ka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ka sare sauran, ka kafa masa ƙaya saboda awaki. Ni ina da tara yanzu, huɗu sun fi ni tsawo.

Har ƙurar hunturu da muke tsinewa tana da nata rabon. Mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa a Chadi, gindin tsohon tafki, tana ɗauke da ɗan fotash da kalsiyam da fosfet tana zubawa a gonaki. Gonar da aka bar kara da saura a kanta ta fi kama wannan ƙurar. Wadda aka share tas kuwa, iska ce ke kwashe nata ta kai wa wani.

Sai ɓarayi. Wuta-wuta ba ta tsaya neman abinci a ƙasa ba, saiwar dawa ko gero take kamawa ta yi ta zuƙa, kuma kafin ka ga furenta mai kyan nan ta riga ta gama rabin ɓarna a ƙarƙashi. Gindi ɗaya na zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar hatsi. Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Ka tuge ta kafin ta yi iri, ka fitar da ita daga gonar ka ƙona, kada ka jefar a kunya. Ka juya gonar da waken suya ko gyaɗa ko auduga, don saiwarsu na sa irin ya tsiro amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Kauci ma haka yake yi a kan itace, maganinsa sare reshen. Masu sassaƙe kuma don Allah ku ɗebi gefe ɗaya. Sukarin da ganye ya dafa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in kuka zagaye maɗaci da sassaƙa kun yanke wa saiwarsa abinci, zai yi 'yan watanni da ganye sannan ya bushe a tsaye.

Toka kuma taki ce, amma ba naitirojin a cikinta, ya riga ya bi hayaƙi, dalili ke nan da ba na son ƙona gona. Fotash da kalsiyam ne a ciki. Ka barbaɗa kaɗan-kaɗan, kada ka tula a gindi, kuma kada ka gauraya ta da yuriya ko kashin kaji, za ta kori naitirojin ɗinsu, har za ka ji warin a hancinka. Wadda uwargida ta tace kuwa, yawancin fotash ɗinta ya riga ya bi ruwa ya shiga miyar kuka. Dusar da ta rage a kwando nake kwashewa in kai ɓangaren gyaɗa, in ta yarda ta bar mini, don ita ma tana wanke tukwane da ita.